Septrin, Fansidar da Danginsu: Illolin Magungunan da Ke Toshe Folik Asid

Duk wanda ya taɓa shiga kemis a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri ya ce jikinsa ba daɗi, da wuya ya fito ba a ƙulla masa ɗaya cikin ƙwayoyi biyu ba: Septrin, ko kuma Fansidar da muke ce wa mai guda uku. Nan gida Keffi ma haka abin yake. A unguwarmu ta Liman Abaji yaro ƙarami za ka aika da sunan maganin a baki ya sayo maka, ba takarda ba tambaya.

Waɗannan biyun dangi ɗaya ne da wasu magunguna da sunansu bai cika yawo a kasuwa ba, irin su methotrexate na ciwon daji da amosanin gaɓɓai, da dapsone na kuturta, da Daraprim da Paludrine na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu suna aiki ne ta hanyar toshe wani sinadari da ake kira folik asid. Magunguna ne masu amfani da suka ceci rayuka bila adadin. Amma suna da illolin da ya kamata mai sha ya san alamunsu, domin wasu daga ciki kwana biyu na jinkiri ya isa ya raba mutum da idonsa ko da ransa.

Mene ne folik asid ɗin?

Bitamin ne, masana suna ce masa B9. Jiki yana buƙatarsa duk lokacin da zai ƙera sabuwar ƙwayar halitta. Saboda haka wuraren da suka fi sabuntawa da sauri su suka fi cinsa: ɓargo inda ake yin jini, fatar cikin baki da hanji, tushen gashi, sai kuma ɗan tayi a cikin mahaifiyarsa. Baligi yana buƙatar kamar miligiram 0.4 a rana, mai ciki fiye da haka. Jikin mutum ba ya iya haɗa shi da kansa, sai daga abinci: alayyafo, zogale, kuɓewa, wake, gyaɗa, hanta. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta 'yan watanni, kuma dafa ganye har ya yi lugub a zubar da ruwan yana tafiya da kaso mai yawa.

Wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ita ta fara gano hanyarsa a 1931 a birnin Bombay na Indiya, inda ta ga mata masu ciki da jininsu ya ƙare suna farfaɗowa idan an ba su wani abinci da ake yi da yis. A 1941 aka tace sinadarin daga ganyen alayyafon Turawa, shi ya sa aka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye.

Yadda na fi gane aikinsa shi ne da misalin injin niƙa. Folik asid kamar hatsi ne, jiki ba ya iya tuƙa shi sai an kai shi inji ya zama gari. Ƙwayoyin bakteriya da na maleriya su ma suna da irin wannan injin, sai dai su noma hatsinsu suke yi da kansu. Magungunan salfa, wato sulfamethoxazole da sulfadoxine da sulphadimidine har da dapsone, gonar suke hanawa. Trimethoprim da pyrimethamine da proguanil kuma injin suke tsayarwa. Shi ya sa ake haɗa su bibbiyu: Septrin mai lamba 480 ya ƙunshi sulfamethoxazole miligiram 400 da trimethoprim 80, kowace ƙwayar Fansidar kuma sulfadoxine 500 ce da pyrimethamine 25. Trimethoprim ya fi kama injin bakteriya sau dubbai a kan na mutum, dalilin ke nan da yawancin mutane ke sha lafiya lau. George Hitchings da Gertrude Elion, waɗanda aikinsu ya haifar da pyrimethamine da trimethoprim, sun sami kyautar Nobel a 1988. Methotrexate shi kuwa injin mutum ne kansa aka yi shi don ya tsayar.

Daga nan illolin suka rabu gida biyu, kuma rabuwar tana da muhimmanci. Akwai wadda ke zuwa saboda folik asid ɗin mutum ya yi ƙasa, wannan tana bin yawan magani da daɗewar sha. Akwai kuma wadda ke zuwa saboda garkuwar jiki ta ƙi jinin salfa, wannan ƙwaya ɗaya ma tana iya tayar da ita, kuma shan folik asid ba ya hana ta ko kaɗan.

Ranar da fata ta ƙi magani

Abin da ya sa na zauna na bi diddigin wannan magana ya faru ne a gabana. Akwai wani yaro cikin masu rakiyar shanun mahaifina zuwa Legas. Ana gobe za a yi lodi ya ji zazzaɓi, ya sha mai guda uku. A hanya tari ya kama shi saboda iskar saman tirela, ya tsaya wani kemis aka yi masa haɗi, a ciki akwai Septrin. Kamar kwana goma bayan nan, ya dawo gida, sai zazzaɓi mai zafi, ido ya yi jawur yana kwantsa, maƙogwaro ya ƙi haɗiya. Aka ce kyanda ce ta manya. Da leɓɓansa suka fashe suka yi baƙi, fatar ƙirji da baya ta fara tashi kamar wanda aka watsa wa tafasasshen ruwa, sai magana ta koma sammu. Abin takaicin, duk kwanakin nan yana ci gaba da shan sauran Septrin ɗin, wai don zazzaɓin. Ya yi mako uku a asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau idonsa ba ya jure rana, kullum da ɗigon magani a aljihu.

Wannan ciwo sunansa Stevens-Johnson, sunan likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1922. Idan fatar da ta saɓule ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, sunan ke nan. Idan ta wuce kashi 30, likitoci suna kiransa TEN a taƙaice, kuma a wannan mataki kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ba ya tashi, ko da a manyan asibitoci. Abin da ke kisa yawanci shi ne ƙwayoyin cuta da ke shiga jini ta inda fata ta buɗe, da ƙarewar ruwan jiki, daidai da wanda ya ƙone da wuta.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne lokaci. Ba a ranar da aka sha yake fitowa ba. Galibi tsakanin kwana 4 ne zuwa mako 4 da fara maganin, don haka mutum ya riga ya manta ya sha wani abu. Kuma yana fara wa ne kamar mura ko maleriya, sai a ƙara masa irin maganin da ya jawo ta. Fansidar ta fi wuyar sha'ani a nan, domin sulfadoxine yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini. Ko ka daina, yana nan yana aiki.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa gajeriya ce. Wanda ya sha ɗaya daga cikin waɗannan a cikin wata biyu da suka wuce, sannan ya ga ƙuraje tare da zazzaɓi, ko gyambo a baki, ko jan ido, ko zafi a al'aura, ko fatar da ke ciwo idan an taɓa, ya dakatar da maganin nan take ya nufi babban asibiti a ranar, da kwalin ko ledar maganin a hannu. A nan wajenmu Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ce mafi kusa. Na Ibadan suna da UCH, na Idi-Araba kuwa LUTH tana bakin ƙofarsu. Kada a shafa toka, ko man shanu, ko garin magani a fatar, kuma a roƙi likitan ido ya duba tun kwanakin farko, saboda tabon ido shi ne abin da ya fi daɗewa da mutum.

Gaskiya wannan mummunan nau'in ba kasafai yake faruwa ba. Wanda aka fi gani shi ne ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, da borin jini, da kuma wani baƙin tabo zagayayye da ke fitowa a leɓe ko hannu ko gaban namiji. Alamarsa ita ce duk lokacin da mutum ya sake shan maganin, a daidai wurin nan zai sake kumbura ya yi ƙaiƙayi, ya warke ya bar tabon da ya fi na da duhu. Na san maza da yawa da suka yi ta neman maganin ciwon sanyi a kan wannan tabo, alhali Septrin ɗin da suke sha don sanyin shi ke kawo shi. Duk wanda jikinsa ya taɓa nuna ɗaya daga cikin alamun nan, shi da salfa har abada. Ya riƙe sunayen: Septrin, Bactrim, co-trimoxazole, Fansidar, Amalar, Maloxine, har da tsohon M&B da Thalazole na zawo. Kamfani daban, ciki ɗaya. Ya rubuta a takarda ya saka a bayan katin shaidarsa, musamman mu matafiya da ciwo kan same mu inda ba a san mu ba.

Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki sun fi kowa samun ƙurajen Septrin, ga shi kuma su ake ɗora wa shi kullum, ƙwaya mai lamba 960, don ya tsare su daga ciwon huhu da wasu cututtuka. Amfaninsa gare su babba ne ƙwarai. Kada su ajiye shi don sun ji labari, sai dai idan alamun da na lissafa sun bayyana, nan kuma asibitin da ke ba su magani za su koma a ranar.

Jini, ƙoda, da magungunan da ba sa shiri

Ɗaya gidan illar a hankali yake shigowa. Idan aka daɗe ana shan Septrin ko pyrimethamine, ko aka sha da yawa, ɓargo yana rage aiki. Jajayen ƙwayoyin jini su ragu, mutum ya yi fari, ya riƙa haki. Farare su ragu, sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a kai a kai. Masu tsayar da jini su ragu, sai haɓo, da jinin dasashi, da tabon jini a fata ba tare da an buge ba. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne wanda dama ajiyarsa ta yi ƙasa: tsofaffi, masu ciki, masu sikila da ɓargonsu ke aiki ba hutu, mashaya giya, da masu shan maganin farfaɗiya irin phenytoin, wanda shi ma yana rage folik asid.

Akwai kuma wani gado a jini da ake kira ƙarancin G6PD, ya fi kama maza, kuma yana da yawa a Najeriya. Mai shi lafiyarsa ƙalau har sai ya haɗu da wasu magunguna, dapsone a kan gaba, salfa ma na iya yi, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su fashe. Alamar ita ce fitsari ya koma kalar shayi ko lemon kwalba baƙi, ido ya yi rawaya, jiki ya mutu, cikin kwana biyu zuwa uku da fara sha. Gwajin jini ne ke nuna shi.

Ƙoda ita ce ƙofar fitar waɗannan magunguna. Salfa na iya daskarewa ya zama tsakuwa-tsakuwa a cikin fitsari idan ba ruwa a jiki, don haka ake cewa a sha ruwa sosai. Wanda ke sha cikin azumi ko a kan doguwar hanya da zafin rana ya lura da wannan. Trimethoprim kuma yana hana ƙoda zubar da sinadarin fotasiyam. Idan dattijo mai hawan jini yana kan lisinopril ko losartan ko spironolactone aka ƙara masa Septrin, sinadarin na iya hawa har ya rikita bugun zuciya, kuma sau da yawa ba wata alama kafin nan. Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide, wato Daonil, sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Mai shan warfarin na tsinka jini zai iya zubar da jini. Irin waɗannan dalilai ne, da na fata da na ɓargo, suka sa hukumomin Ingila suka taƙaita cututtukan da ake ba da Septrin dominsu tun 1995. Mu kuwa a nan har mura ana sha masa, wadda ko kusa ba ya yi mata komai.

Jariri sabon haihuwa ba a ba shi Septrin, saboda salfa na iya tura shawarar jarirai ta hau ƙwaƙwalwa. Ko jariran da uwayensu ke da cuta mai karya garkuwa, sai sun kai mako 4 zuwa 6 ake fara musu.

Fansidar: ta masu ciki ce da yara, ba ta kowa ba

Tun 2005 Najeriya ta sauya tsarin maganin maleriya zuwa haɗin da ake kira ACT, irin su Coartem, saboda ƙwayar cutar ta saba da chloroquine da Fansidar. Ma'ana wanda ya sha mai guda uku don zazzaɓi yau ya ɗauki haɗarin illarta, kuma ba tabbas ta kashe masa cutar. Amurka ta ga nata darasin tun shekarun 1980, lokacin da matafiyanta ke shan Fansidar duk mako don rigakafi. Bincike ya nuna kamar mutum 1 cikin 5,000 zuwa 8,000 na samun mummunan ciwon fata, wasu suka mutu, sai aka janye shawarar shan ta mako-mako.

Inda aka bar ta da aiki wuri biyu ne. Na farko wajen awon ciki. Bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, ana ba mai ciki ƙwaya uku a gaban ma'aikaciya daga mako na 13, da tazarar aƙalla wata ɗaya tsakani, a samu sau uku ko fiye kafin haihuwa. Wannan yana rage ƙarancin jini ga uwa da haihuwar jariri maras nauyi. A irin wannan sha na wata-wata mummunar illa ba ta cika faruwa ba, don haka kada wani ya karanta wannan rubutu ya hana iyalinsa karɓa. Abin da ake so shi ne ta faɗa wa nas idan salfa ya taɓa yi mata illa, ko idan tana kan Septrin na kullum, domin ba a haɗa su.

Watanni ukun farko kuwa ba a ba da ita, haka Septrin ana kauce masa sai da larura. Dalili shi ne lakar bayan ɗan tayi da ƙwaƙwalwarsa suna rufewa ne cikin kwana 28 na farko, kafin mace da yawa ta ma san ta ɗauka, kuma aikin rufewar da folik asid ake yinsa. Idan ya gaza, a haifi yaro da ƙari a gadon baya ko kan da bai cika ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 1991 ya nuna ba wa matan da suka taɓa irin wannan haihuwa folik asid ya rage maimaituwarta da kusan kashi 70 cikin 100. Amaryar da ta ga wata ya wuce mata ta bar sayen maganin sanyi a kemis haka kawai.

Ga wani abu da ni kaina ya ba ni mamaki. Ƙaramar ƙwayar folik asid mai ruwan ɗorawa da ta cika kemis ɗinmu miligiram 5 ce, ninki goma sha biyu da rabi na abin da ake so mai ciki ta sha kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 0.4 ba ya hana Fansidar aiki, amma 5 a kullum yana karya ƙarfinta, domin ƙwayar maleriya ma tana samun rabonta. Akwai matan da likita ke ɗora wa mai 5 da gangan, kamar masu sikila. Irin waɗannan su tambayi likitan yadda za a tsara musu, kada su yanke da kansu.

Wuri na biyu shi ne rigakafin damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda ake bi gida-gida ana ba da Fansidar ta yara tare da amodiaquine sau ɗaya a wata. A Katsina aka fara shi a 2013, daga baya aka faɗaɗa har ya iso Nasarawa. Masu kawo yara hutu gida da damina za su iya cin karo da masu rabon. Yaron da ke kan Septrin, ko ya sha mai salfa a cikin watan, ko ya taɓa yin ƙurajen magani, ba a ba shi. Uwa ce za ta faɗa, don mai rabo ba zai gani a goshi ba.

Iyayenmu sun san pyrimethamine shi kaɗai da sunan Daraprim, wanda mutanen Kudu ke ce wa maganin Lahadi-Lahadi. Haɗarinsa babba ga yara ne: yaro ya samu kwalba ya haɗiye da yawa, sai amai da jijjiga cikin 'yan sa'o'i. Yau an fi amfani da shi a wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama masu raunin garkuwa. Shi ne maganin da wani ɗan kasuwa a Amurka, Martin Shkreli, ya ɗaga kuɗin ƙwaya ɗaya daga dala 13.50 zuwa 750 a 2015. Ko a kara ban taɓa ganin dillalin da ya yi irin wannan ba.

Methotrexate: sau ɗaya a mako

Wannan shi ne mafi ƙarfi a dangin. A Boston ne likita Sidney Farber ya gwada yayansa aminopterin a kan yara masu sankarar jini, ya ba da rahoto a 1948 cewa 10 cikin 16 sun sami sauƙi na ɗan lokaci. Daga nan maganin daji na zamani ya kama hanya. A yau ana amfani da methotrexate a sankarar jini, da wani ciwon daji na mabiyiya, da cikin da ya zauna a wajen mahaifa idan an gano da wuri. Ana kuma ba da shi kaɗan-kaɗan ga masu amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu da wasu cututtukan fata masu naci.

A wannan kaɗan-kaɗan ɗin ne ake yin kuskuren da ke kisa. Ƙwayar ƙarama ce, miligiram 2.5, ana shan adadin da likita ya rubuta rana ɗaya tak a mako, yawanci tsakanin miligiram 7.5 da 25. Mu kuma mun saba magani safe da yamma ne. Tsohuwa ta dawo daga asibiti, jikan da ke ba ta magani bai ji bayanin ba, ya riƙa ba ta kullum. Cikin mako ɗaya zuwa biyu baki ya cika da gyambo, zawo ya ɓarke, ɓargo ya tsaya. An rasa rayuka ta haka har a ƙasashen da ke da tsauraran dokokin magani. A zaɓi rana ɗaya, a ce Juma'a, a rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, kuma kowa a gidan ya sani.

Ko ana sha daidai, ana bibiyar jini da hanta da ƙoda lokaci-lokaci, domin yana iya cin hanta shiru, kuma giya na ninka wannan. Busasshen tari da haki ga mai shansa ba abin jira ba ne, yana iya zama kumburin huhu daga maganin. Ba a haɗa shi da Septrin ko trimethoprim sam, don injin niƙa ɗaya suke dannewa su biyu. Diclofenac da ibuprofen da aspirin, waɗanda mai ciwon gaɓɓai ke saye kamar gyaɗa, suna rage fitarsa ta ƙoda, sai da sanin likita. Ga mai ciki kuwa yana jawo ɓari ko nakasar halitta, shi ya sa ake cewa a jinkirta ɗaukar ciki wasu watanni bayan an daina, kuma mai shayarwa ba ta sha.

Likitoci kan haɗa wa mai shansa folik asid a wata rana daban ta mako don rage gyambon baki da tashin zuciya. Amma idan an riga an sha fiye da kima, folik asid na kemis ba ya ceto, tunda injin da zai niƙa shi a tsaye yake. Akwai wani da ake kira folinik asid ko leucovorin, shi niƙaƙƙen gari ne, ba ya buƙatar injin. A asibiti ake ba da shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Sunayen biyu sun yi kama, a kula kada a musanya.

Dapsone da Uzuakoli

Masu harka a kasuwar shanu ta Lokpanta wataƙila ba su san cewa a jiharsu ta Abiya aka kafa wani tarihin magani ba. A asibitin kutare na Uzuakoli ne likita John Lowe ya nuna, wajen 1950, cewa ana iya shan dapsone ta baki a ƙaramin adadi ya yi maganin kuturta da araha. A can ɗin kuma aka fara lura da illarsa: makonni kaɗan da farawa wasu su yi zazzaɓi, ƙuraje, kaluluwa da shawara. Har yau yana cikin haɗin magani uku na kuturta da ake bayarwa kyauta. Wata alamarsa ta daban ita ce leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi, mutum na haki, saboda jini ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata.

A kara ma akwai shi

Mu 'ya'yan masu shanu mun san kwalbar sulphadimidine mai lamba 33 da ake yi wa maraƙi mai zawo allura, da garin salfa da masu kaji ke zubawa a ruwa. Dangin nan ne dai. Dabbar da ta kwana biyu a tirela ba ruwa, aka sauke ta aka danna mata salfa, ƙodarta na cikin haɗarin tsakuwar nan da na ambata, don haka a shayar da ita tukuna. Kuma kowace kwalba tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nonon. Na sha ganin an yi wa sa allura da yamma don ya miƙe, da safe yana kwata. Ragowar maganin tana cikin naman da za a kai wa mai suya da mai tuwo, kuma irin wannan ɗanɗana wa ƙwayoyin cuta magani kaɗan-kaɗan yana cikin abin da ke koya musu jure shi. Maganin dabba kuma ba na mutum ba ne, ko da sunan ya zo ɗaya, domin awon ba ɗaya ba ne.

Wanda magani ya yi wa illa yana iya kai rahoto ga NAFDAC. Tana da takardar rahoto a asibitoci da manyan shagunan magani, tana kuma da manhajar waya mai suna Med Safety da aka ƙaddamar a 2020. Ana buƙatar sunan maganin, da lambar rukunin da ke jikin kwalin, da ranar da aka fara sha, da ranar da alamar ta fito. Haɗin da aka ƙulla a leda ba suna ba lamba shi ne matsalar, don haka kafin a bar kemis a sa mai shagon ya rubuta sunan kowace ƙwaya da ya zuba.